Tarurrukan intanet kan hotunan tauraron ɗan'adam: wanne ya cancanci kuɗin datarki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin labarin ƙasa a nan Damagaram, ina bincike kan itatuwan gonaki a yankin Mirya. Kullum ana turo mana gayyatar tarurrukan intanet kan hotunan tauraron ɗan'adam. Na shiga uku, data ta ƙare, ban fito da abin kirki ba. Wane irin zama ake ƙaruwa da shi, ko in haƙura in riƙe littafi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki haƙura. Hotuna ba su ne ke mana wuya yanzu ba. Tun 2008 Amurka ta buɗe rumbun hotunan taurarinta na Landsat kyauta, rumbun da ya faro daga 1972, ga kuma Sentinel-2 na Turai da aka fara harbawa a 2015, mai dawowa kan wuri guda kusan duk kwana 5. Abin da ya yi ƙaranci shi ne idon karanta su, kuma ido a wurin mutane ake samun sa.

Ina zaton waɗanda kika shiga na lacca ne: mutum ɗaya na magana, ɗaruruwa na saurare, a ƙarshe a amsa tambaya biyu a tashi. Irin wannan ba sai kin shiga kai tsaye ba. Shirin horarwa na NASA mai suna ARSET, alal misali, yana ajiye bidiyon darussansa, sai ki sauke lokacin da reso ya yi kyau, ki kalla kina tsayarwa.

Wanda ya cancanci datarki shi ne zaman da ake aiki tare: mai jagora ya buɗe manhajar nazarin taswira da hotuna irin su QGIS ko Google Earth Engine kowa na ganin allonsa, ya yi kuskure ya gyara a gabanku, ku ma ku nuna naku. Digital Earth Africa, shirin da ke samar wa Afirka bayanan tauraron ɗan'adam, na shirya zama kai tsaye da Turanci da Faransanci, ki neme su, ki kuma riƙa bibiyar cibiyar AGRHYMET ta Yamai, mai nazarin yanayi da ruwa da noma. Amma wanda na fi so shi ne ƙaramin zama, mutum biyar zuwa goma, kowa ya zo da matsalar da ta hana shi barci. Wannan ku ma kuna iya haɗawa da abokan karatunki.

Sai dai akwai abin da nake so ki riƙe. Kina shiga kamar mai roƙo, alhali kina da abin da yawancinsu ba su da shi. Ɗauki gawo. Duk yaron Matamai ya san gawo na zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Wanda bai taɓa taka ƙasarmu ba, yana iya ɗauko hoton watan Agusta don auna itatuwa, tunda lokacin ne komai ya yi kore. Me zai gani? Hatsi da wake, idan ma hadari bai rufe hoton ba, gawon kuwa yana tsaye tsirara. Ke ce za ki ce masa ya koma hoton Fabrairu ko Maris, lokacin da gona ta koma fili, gawo ya fito ɗigo-ɗigo, ya kuma kauce wa ranakun da hazo ya turnuƙe. Kowane ɗigo a hoton Sentinel-2 daidai yake da mita 10 a ƙasa, na Landsat 30, don haka ƙananan itatuwan da manomi ya bari wajen sassabe ba za su fito ba sai an je an ƙirga.

Haka ma aka gane girman aikin manomanmu. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya kwatanta tsofaffin hotunan sama na 1975 da na bayan shekarar 2000, masu bincike Chris Reij da Mahamane Larwanou suka bi ƙauyukan Magarya da Matamai da Mirya suna tambayar manoma. Da aka haɗa ido na sama da na ƙasa ne aka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa a kan kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, mafi yawa a Maraɗi da Damagaram.

Saboda haka kada ki sake shiga hannu rabbana. Ki rubuta tambayarki tun kafin zama, kuma kada ta zama "yaya ake gane itace?" Ki ba da lambobin wurin daga GPS na wayarki, ranar hoton, tauraron da ya ɗauka, da hoton gonar da kika ɗauka da kanki. Masana ba sa iya wuce irin wannan tambaya. Ki kashe kamara don data ta yi auki, idan murya na yankewa ki rubuta a akwatin saƙo. Idan an sa lokaci da agogon GMT, ki ƙara awa ɗaya, nan mutane da yawa ke makara.

Kafin zama na gaba, ki zaɓi gona guda a Mirya, ki ƙirga gawon da ke ciki, ki sauke hotonta na Agusta da na Maris, ki shiga da su. Allah ya ba da sa'a.