Tarakta mai harbi ta salansa

Tambaya: Malam, ina da tsohuwar tarakta Ferguson mai shan fetur a Ringim, gadon mahaifina. Tunda aka cire distiributa, mai raba wa fulogogi wuta, aka mayar, sai harbi take, ba ƙarfi, ga damina ta ƙarato.

Amsa: Alhaji, tayimin, wato lokacin tashin wutar fulogi, ne ya goce. Kashe makulli, cire fulogin silinda ta ɗaya, toshe ramin da yatsa. A juya injin da hannu har iska ta turo yatsan, a ci gaba a hankali har fistin ya kai ƙarshen sama. Duba rota, mai juyawa a cikin distiributar, ta kalli wayar fulogin silinda ta ɗaya. Sassauta distiributar, murɗa a hankali har kwantak, ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa a cikinta, ya fara buɗewa, sai ka ɗaure. Jerin wayoyin 1-3-4-2 ne. A garejina, a jerin nan na fi kama kuskure. In injin na ƙwanƙwasa lokacin huɗa, wutar ta yi wuri, mayar da distiributar baya kaɗan.