Ƙwayoyin hanji ne ke saukar da suga bayan tiyatar rage ƙiba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 46, nauyina kilo 121, kuma shekara bakwai ke nan ina fama da ciwon suga. Ina shan metformin, bara aka ƙara mini allurar insulin. Likitana ya ba ni shawarar tiyatar rage ƙiba. 'Yata da ke jami'a ta ce ba wuƙar ce ke aiki ba, ƙwayoyin bakteriya na hanji ne ke sauyawa, wai in dage da kindirmo da kafson ƙwayoyin in huta. Wallahi tsoron tiyata nake yi. Ina gaskiyar take? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. 'Yarki ta kamo gaskiya, amma ta wutsiya ta kamo ta.

A cikin kowannenmu akwai bakteriya kusan tiriliyan 38, galibinsu a babban hanji. Su ke narka abin da ya gagari tumbi, irin su ɓawon wake da dusar hatsi, suna kuma fitar da sinadarai masu taɓa yunwa da suga. Tiyatar kuwa iri biyu aka fi yi. A ɗaya ana yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. A ɗayar, wadda likitoci ke kira baifas, ana ware 'yar jaka kamar ƙwai a saman tumbi a haɗa ta da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake wani sashe.

Ki duba abin da hakan ke jawowa. Ruwan tsamin tumbi, wanda a da yake kashe yawancin ƙwayoyin da muke haɗiya, ya ragu, sai ƙwayoyin baki su isa hanji da ransu. Ruwan maɗaciya ya sauya hanya. Abincin ma ya ragu. Gida ya sauya, dole mazauna su sauya.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2013 a Boston ta Amurka. An yi wa ɓeraye baifas, aka ɗebi ƙwayoyin hanjinsu aka saka wa wasu ɓerayen da aka raina ba ƙwaya ko ɗaya a cikinsu. Waɗannan ba a taɓa su da wuƙa ba, amma suka rage nauyi da kitse. A 2015 masana a Gotenbag ta Suwidin suka yi irinsa da ƙwayoyin matan da suka kai shekara tara da tiyata, kuma ɓerayen da suka karɓi na masu baifas sun tara kitse ƙasa da waɗanda suka karɓi na masu ƙiba da ba a yi wa tiyata ba, da kashi 43 cikin ɗari. Ranar da na fara karanta wannan na daɗe ina jinjina ikon Allah.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne, Hajiya. Masu bincike a Faris sun bi marasa lafiya masu matsananciyar ƙiba, suka tarar kashi uku cikin huɗu ƙwayoyin hanjinsu sun talauce, wato nau'o'in sun yi kaɗan. Bayan tiyata nauyi ya sauka, suga ya gyaru, amma a yawancinsu ƙwayoyin ba su koma yadda suke a masu lafiya ba. Ke nan ba su kaɗai ke aikin ba. Sau da yawa sugan mai baifas kan fara sauka cikin 'yan kwanaki, tun kafin ramar ta bayyana, saboda ƙarancin abinci da ƙaruwar wani sinadarin hanji mai suna GLP-1 da ke zaburar da insulin. Metformin ɗin da kike sha ma yana sauya ƙwayoyin hanji.

Abin da ke damuna shi ne masu tallan kafso da ke fakewa da wannan ilimi suna cin kuɗin marasa lafiya. Babu kafso ko kindirmon da ya yi abin da tiyata ta yi a gwaji. A asibitin Kilibilan ta Amurka an bi masu suga 150. Bayan shekara biyar, kashi 29 cikin ɗari na masu baifas awon sugansu na wata uku yana kan 6 ko ƙasa (wato ya kusa da na mai lafiya), masu yankan tumbi kashi 23, masu magani kaɗai kashi 5. Ki lura, ko tiyatar ba kowa ta warkar ba, kuma sugan kan dawo wa wasu.

Tsoronki yana kan hanya. Bayan baifas za ki sha bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da kalsiyam har ƙarshen rayuwa, kuma wasu kan yi fama da kumburin ciki da gudawa idan bakteriya suka yi yawa a ƙaramin hanji. Kafin ki sa hannu, ki tambayi likitan wace iri zai yi, sau nawa ya yi ta, wa zai riƙa duba ki idan a waje aka yi kika dawo, da yadda za ki yi da azumi a shekarar farko. Ki tafi da 'yar taki ta ji da kunnenta.

Kindirmo ki sha abinki, ba suga, ki ƙara wake da zogale da kuɓewa. Amma don Allah kada ki ajiye allurarki sai da iznin likita.