Za mu kai yara wasan bolin: kuɗin awa za mu biya ko kuɗin wasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Ƙofar Marusa, cikin Katsina. Bayan hawan Bariki za mu je Abuja wurin yayana, yara kuma sun tasa ni gaba sai na kai su wasan nan da suke gani a waya, wanda ake gangara ƙwallo a kayar da kwalabe. Mu shida ne: ni, uwarsu da yara huɗu, autan shekararsa 6. An ce ana biyan kuɗin awa, ana kuma biyan kuɗin wasa. Wanne ya fi mana, kuma me zan saya kafin mu tashi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kai su. Abin saye kuwa bai wuce safa ba, kowa da tasa. Gidan wasan ne ke ba da ƙwallo, shi ne kuma ke ba da aron takalma na musamman, domin ba a hawa dandalin da takalmin waje: yashin da ke maƙale a ƙasansa yana karce wurin, kuma ba ya sulɓi yadda ake so a takun ƙarshe. Ƙafafu da yawa sun shiga takalman nan kafin taku, shi ya sa na ce safa. Ka rubuta lambar ƙafar kowa a takarda tun daga gida.

Maganar kuɗi kuma, ku biya na wasa. Wasa ɗaya zagaye 10 ne, a kowane zagaye mutum yana da jifa biyu don ya kayar da kwalabe 10. Wanda hannunsa ya faɗa yakan cinye kamar minti 10 kafin ya gama nasa, wato mutum shida awa guda ke nan cif, in duk manya ne kuma babu mai ɓata lokaci. Yara kuwa ka san halinsu. Wannan zai ce a canja masa ƙwallo, waccan ta tsaya ɗaukar hoto, autan ya ce fitsari. Idan awa ka saya, lokaci zai ƙare kuna zagaye na bakwai ko na takwas, allon maki ya tsaya, kai kuma ka rasa yadda za ka yi da fuskokinsu, dole ka sake sa hannu a aljihu. Kuɗin wasa ba ya korar kowa, sai an kai zagaye na goma. Kuɗin awa ya fi dacewa da samari biyu ko uku masu zafin nama, waɗanda za su iya yin wasa biyu kowannensu kafin agogo ya cika. Kafin ka miƙa kuɗi ka tambayi abu biyu: aron takalma yana ciki ko dabam ne, kuma mutum nawa ake bari a layi ɗaya, wato hanyar da ake gangara ƙwallon a kai. Galibi shida ne, to layi guda ya ishe ku.

Don autan, ka nemi a tayar masa da shinge. Gefe da gefen layin akwai kwata biyu, ƙwallon da ya faɗa ciki ya tafi a banza, ba zai taɓa kwalba ko ɗaya ba. Yaron da ya yi jifa huɗu a jere duk a kwata, zuciyarsa ta karye ke nan. Gidajen wasa da yawa suna da shingen da ake ɗagawa ya toshe kwatar, wasu ma suna da wani ƙarfe mai gangara da ake ɗora ƙwallo a kai, yaro ya tura kawai.

Ka lura da lambar da ke jikin kowane ƙwallo. Nauyinsa ne da awon fam na Amurka, daga 6 zuwa 16. Mai lamba 6 bai kai kilo 3 ba, mai 16 kuwa ya ɗan haura kilo 7, kuma ƙa'ida ba ta yarda a wuce nan ba. Abin da aka saba shi ne kada ƙwallo ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin mai jifa. Autan ya ɗauki 6, yayyensa 7 ko 8, uwargida 8 zuwa 10, kai kuma ka fara da 11 ko 12. Maza da yawa kan tafi kai tsaye ga mafi nauyi, su kwana da ciwon wuyan hannu. Ramuka uku ne a jiki, na babban yatsa, na tsakiya da wanda ke bi masa ta wajen ƙarami. Babban yatsa ya shiga duka, ya kuma fita ba tare da maƙalewa ba.

Akwai abu ɗaya da nake so ka tara yaran ka faɗa musu kafin kowa ya taɓa ƙwallo. A bakin layin akwai zane da aka ja a kwance. Daga nan zuwa kwalbar farko ƙafa 60 ne, mita 18 da 'yan kai, kuma mafi yawan wannan tsawon an shafe shi da mai. Ido ba ya ganin man, sai dai ƙyallin wurin. Ranar da na kai 'ya'yan ƙanwata, babbansu ya saki ƙwallo yana tafiya a hankali, sai ya bi shi da gudu don ya ƙara masa turi. Taku ɗaya ya yi bayan zanen, ƙafafunsa biyu suka tashi sama, ya sauka a kan baya. Allah ya kiyaye ƙeyarsa ba ta bugu ba, amma har yau ina jin ƙarar faɗuwar nan. Haka ma injin da ke dawo da ƙwallaye: a ɗauka da hannu biyu ta gefe, kada a sa yatsu tsakanin ƙwallo da ƙwallo, don wani yana iya fitowa ya datse su.

Sannan ina roƙonka, Malam, kada ka biya wa yara ka koma kujera kana danna waya. Ka sa sunanka a allon, ka sa na uwarsu. Wasannin da uba da 'yarsa mai shekara tara za su yi tare a fili ɗaya, da ƙa'ida ɗaya, har ta iya cinye shi da gaske, ba su da yawa.

Tambaya: Ni ɗalibi ne daga Daura. Sau uku na yi wasan nan lokacin hutu, ya shiga raina. Na ga ƙwallaye a intanet, ina tara kuɗi in sayi nawa. Ya dace?

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Ƙwallon kirki ba a huda shi daga kamfani. Sai mai sana'ar ya auna tafin hannunka da kaurin yatsunka, sannan ya huda ramukan da inji daidai da kai. In ka yi oda ya iso Daura babu rami, dutse ka saya, ga kuɗin dakon kilo 6 ko 7 daga ƙasar waje. Masu tsadar kuma an yi fatarsu ne don ta kama layi ƙwallon ya lanƙwasa, wanda bai iya miƙe jifa ba tukuna ba zai more su ba.

Kuɗin nan ka kashe shi a kan wasa. Daina kallon kwalabe in za ka yi jifa. Kimanin ƙafa 15 daga zanen akwai kibiyoyi bakwai a jikin layin, su ake saitawa. In kai badame ne, nufi kibiya ta biyu daga dama, burinka ƙwallo ya shiga tsakanin kwalba ta 1, wato ta gaba, da ta 3 da ke bayanta ta dama. Bahago kuma tsakanin ta 1 da ta 2 da ke bayanta ta hagu. Dukan kwalbar gaba a goshi yakan bar maka biyu a nesa da juna, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan.

Ka kuma koyi lissafin, nan daɗin yake. Idan ka share goman da jifa ɗaya, allo zai nuna X, ka sami 10 haɗe da abin da jifa biyu na gaba suka kawo. Ka ce bayan X ka kayar da 7 sannan 2: zagayen farko ya zama 19, na biyu 9, jimla 28. Idan da jifa biyu ka share su, 10 ne da jifa ɗaya na gaba. Ƙololuwa 300 ce, wato X sau 12 a jere (X a zagaye na goma yana ba ka ƙarin jifa biyu), kuma a kan wannan tsarin ake tun da aka kafa ƙungiyar wasan ta Amurka a birnin New York a 1895. Ranar da ka ga kana haura 120 a kai a kai, kuma kana zuwa duk wata, fara da sayen takalminka. Ƙwallo ya biyo baya.

Tambaya: Maigida zai kai mu, amma ni da hijabi da zani nake fita. Zan iya, ko in tsaya kallo?

Amsa: Za ki iya sarai, Hajiya. Taku huɗu ne da ɗan rusunawa, babu gudu babu tsalle. Sa doguwar riga mai faɗi ko siket da zai bar ki ki buɗe taku, wanda ba ya jan ƙasa. Hijabin ya zama mai hannu ko matsakaici, don ƙwallo yana wucewa ne daf da cinya, babban hijabi yana iya naɗe shi. Cire zobba da awarwaro ki sa a jaka, ki kuma rage farce, ramukan suna karya shi. Idan kina da juna biyu ko ciwon baya, wannan karon ki zama mai duba musu allo. Ku je da hantsi a ranar aiki in da hali: mutane kaɗan ne, hayaniya ba ta kai ta dare ba, kuma za ku gama kafin azahar.