Tambayi Gwaggo: Sai Baba ya sa kwat kafin ya ci abincin dare a jirgin ruwa?

Assalamu alaikum Gwaggo. Yayanmu da ke aiki a Marsey ta Faransa ya biya wa Baba da Inna kuɗin yawon mako guda a babban jirgin ruwan shaƙatawa na kamfanin MSC, za su zaga Bahar Rum a watan Oktoba. Biza ta fito, ni aka ɗora wa haɗa kaya. To Yaya ya bugo ya ce akwai daren da ba a shiga ɗakin cin abinci sai da kwat da nektai. Baba ya haura sittin, bai taɓa sa kwat ba tun da yake, ya ce in dai sai da ita, a mayar wa yaro kuɗinsa. Inna kuma tana tsoron kada a ce ta cire mayafi. Yaya za mu yi?
'Yarki daga Rumde Aja, Garwa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi wa yayanku albarka, ya ba shi masu yi masa. Amma a wannan magana ya ɗan yi wa Baba ƙarin gishiri. Kada ku sayi kwat. Dattijon da bai saba da ita ba, in aka cusa shi ciki, dare zai ƙare yana jan wuya yana neman inda zai sa hannu, kuma hoton da za a ɗauka shi ne zai zauna a bangon falo shekara da shekaru.

Abin da yayanki ya ji labari shi ne daren gala. A tafiyar mako guda ana yin sa sau ɗaya ko biyu. Kyaftin da manyan ma'aikatansa su fito a tsafe, masu hoto su kafa fitilu a gindin matakala, a yi girki na musamman. Abin da kamfanin ke roƙo shi ne a zo cikin shiga ta mutunci, sai ya ba da misali da abin da Turawa suka sani: kwat mai duhu ga maza, doguwar riga ga mata. Al'adar ta samo asali daga manyan jiragen da ke ratsa Atalantika kafin jirgin sama ya kashe musu kasuwa, inda masu ajin farko ke canja kaya kowane dare kafin su zauna a tebur. Kamfanin Cunard na Ingila, wanda ya fara jigila tun 1840, shi ya fi kowa riƙe wannan har yau. A jirginsu Queen Mary 2, ƙarfe shida na yamma na yi, dokar sutura ta hau kan kowa a yawancin wuraren jirgin. To ko su, da duk tsaurinsu, sun yarda mutum ya zo da kayan girma na ƙasarsa. Ɗan Sikotilan na shiga da zanensa mai gidan dara, gwiwa a waje, babu mai cewa uffan. Balle kamfanonin MSC da Costa, da suka fi sassauci nesa ba kusa ba. Kamfanin Norwegian ma tun shekarar 2000 ya sauke wa fasinjojinsa wannan nauyi.

Saboda haka ma'auninki ɗaya ne: kayan da Baba zai sa ya je gaisuwar Sallah fadar Lamiɗo, su ne kayan gala. Babbar riga ta shadda mai aiki, da 'yar ciki da wandonta, hula zanna, rufaffen takalmin fata. In akwai na Marwa mai kyau, ya wadatar. Ranar da na shiga irin wannan jirgi daga Jenowa ta Italiya, wani dattijo ɗan Senegal ya sauko da shuɗiyar shadda tana ƙyalli tana ƙara, mutane suka bar kyaftin suna neman hoto da shi. Matarsa na gefe tana ta cin magani, don ita ba a kula ɗaurinta ba.

Sai dai babbar riga na da wahalarta a jirgi. Teburan a matse suke, ma'aikata na wucewa da faranti a kafaɗa, hannun riga in bai naɗe shi ba sai ya sha miya. Kan bene kuma iskar teku na cika ta. Ki sa masa guda ɗaya tak don daren farko na gala, na biyun kaftani mai aiki a wuya ya isa. Jakar jirgin sama galibi kilo 23 ce, shadda mai sitati kuwa ba ta da sauƙin nauyi.

Ga abin da mutanenmu ba su sani ba sai sun je: ba a yarda da dutsen guga a ɗakunan jirgi ba, saboda tsoron gobara. In na'ura ta gan shi cikin akwati za a cire a ajiye sai ranar sauka. Akwai masu wanki da guga a ciki, da kuɗi, amma ni ba zan miƙa gezina ga wanda bai taɓa taɓa ta ba. Ki kai wa masu bugu nan Garwa su buge su ninke, ki sa kowace a ledarta, a shimfiɗe a saman akwati. Suna shiga ɗaki Inna ta rataye.

Inna kuwa ta kwantar da hankalinta. Babu mai taɓa mata mayafi. Larabawa da Turkawa da 'yan Magrib na Faransa suna cika waɗannan jirage da hijabinsu. Leshi ko shadda da ɗauri, ko abaya mai duwatsu, ko lafaya in tana sa wa, duk sun yi. Gyale mai kauri ya fi mata amfani a kan na ado, don sanyin na'urar ɗakin abinci ba wasa ba ne ga wanda jikinsa ya saba da zafin Garwa, kuma daren Oktoba a teku akwai iska. Takalmi mai tsini a bar shi gida, ƙasan jirgi na motsi. In za a yi daren fararen kaya, wanda MSC kan shirya, farar shadda ta raba gardama. A wajen gaisawa da kyaftin za a zago da kofuna a faranti, yawanci giya ce, su ce a kawo musu lemo.

Ni inda na fi jin tsoro ma ba gala ba ne, sauran dararen ne da ake cewa kowa ya zo a sake. Sakewar tasu ba irin tamu ta ƙofar gida ba ce. Silifas na wanka, singileti, gajeren wando, kayan ninkaya, da waɗannan ake mayar da mutum daga ƙofa. Jallabiyar da Baba ke kishingiɗa da ita bayan la'asar ta tsaya a ɗaki. Jamfa da wando wankakku, da takalmi sau-ciki, shi ke nan. Kowane dare ana ajiye takardar shirin gobe a ɗaki, a ciki ake rubuta shigar da ake so, ki ce wa yayanki ya nuna musu gurbin da za su duba. Akwatuna kan yi jinkirin isowa ɗaki ranar shiga, don haka kaya ɗaya su kasance a jakar hannu. Daren ƙarshe kuma ana fitar da akwati bakin ƙofa kafin a kwanta, kada Baba ya tura duka ya wayi gari da kayan barci.

Gwaggo barka da aiki. Ni da abokan aikina za mu shiga jirgi daga Dubai a Janairu. Ba ni da komai sai jins da kambas da rigunan ƙwallo. Zan sha kunya?
Ɗanki daga Ngaundare

Ɗana, jins mai duhu wanda bai yage a gwiwa ba, da riga mai kwala, da kambas mai tsabta, za su shigar da kai ɗakin abinci a yawancin darare. Rigar ɗan ƙwallon Kamaru Abubakar mai lamba 10 ka bar ta wa rana da bakin wurin ninkaya. Daren gala in ba ka da niyyar ado, ka hau sama wurin ɗibi-da-kanka, a buɗe yake, babu mai duban abin da ka sa. Amma kaftani ɗaya nawa zai ci maka wajen tela? Ka ɗinka, zai yi maka gala, ya kuma yi maka ranar da jirgi ya tsaya Abu Dabi, don babban masallacin Shaikh Zayid ba a shigarsa da gajeren wando.