Tambaya da Amsa: Zan je Stonehenge da hunturu, sai na ajiye wani abu a gindin duwatsun?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a Ingila, ƙawayena Turawa sun ce mu je Stonehenge a watan Disamba ranar da dare ya fi tsawo, wai mutane na taruwa a gaban duwatsun tun asuba, kuma ɗaya a cikinsu ta ce kowa ya riƙo ɗan abin da zai ajiye, fure ko kyandir ko sulalla. Ni dai ina son ganin wurin amma zancen ajiye abun nan ya tsaya min a rai. Meye asalinsa, kuma dole ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba dole ba ne ko kaɗan, kuma masu kula da wuraren ma roƙo suke a daina. Amma bari na fara gaya miki abin da za ki je gani.

Stonehenge tsohuwar da'irar manyan duwatsu ce a yankin Wiltshire, kusa da garin Salisbury. An fara aikin wurin wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, manyan duwatsun kuma an kafa su wajen 2500, kowanne kusan tan 25. Ƙananan daga tsaunukan Preseli na Wales aka jawo su, tafiyar fiye da kilomita 200, sannan a 2024 bincike ya nuna dutsen da ke kwance a tsakiya daga arewa maso gabashin Sikotilan ya fito, ke dai ki duba nisan nan, ba mota ba jirgin sama. An jera su ne yadda idan rana za ta faɗi a ranar 21 ko 22 ga Disamba sai ta sauka daidai tsakanin duwatsu mafi tsayi. Abin dariyar shi ne taron yanzu da safe ake yi, ana jiran fitowar rana wajen ƙarfe 8 da 'yan mintuna, alhali a hunturu faɗuwar ce aka yi wa saiti.

Me mutanen da ke yi a ranar? Ba su bar rubutu ba, amma a Durrington Walls, wani tsohon mazauni da bai kai kilomita 4 daga wurin ba, an tono tulin ƙasusuwan aladu waɗanda yawancinsu an yanka su suna wata 9, wato daidai tsakiyar hunturu, shi ya sa masana ke ganin gagarumin biki ake yi. Masu fararen riguna da za ki gani suna kiran kansu Duruwid kuwa sabon abu ne, John Aubrey da William Stukeley ne suka haɗa sunan Duruwid da duwatsun a ƙarni na 17 da 18, ainihin Duruwid ɗin, wato malaman addinin gargajiya na mutanen Birtaniya na da, sun zo ne bayan an daɗe da gama ginin. To kin ga duk wanda ya ce miki ajiye kyandir "al'adar wurin ce tun fil azal", faɗa kawai yake.

Yanzu ga inda matsalar take. Mutum zai kunna kyandir a jikin dutse da zuciya ɗaya, kakin ya narke ya shige ƙofofin dutsen, hayaƙin ya bar baƙi, zafin kuma ya kashe gansakukar da ta yi shekaru aru-aru tana girma a kai, kuma gansakukar nan ba datti ba ce, akwai nau'o'in da ba kasafai ake samunsu ba. Sulalla sun fi muni, ana cusa su a tsagar dutse, wasu har da bugawa, su yi tsatsa su ɓata jikin dutsen, ciro su kuma wani aikin ne. Ƙyallen leda da ake ɗaurawa a reshen bishiya ba ya ruɓewa, yana nan yana shaƙe reshen. A Avebury da Castlerigg, wasu wuraren duwatsu irin wannan a Ingila, tumaki na kiwo a tsakanin duwatsun, duk abin da aka bari a ƙasa bakinsu zai kai. Masu binne ƙananan duwatsu masu ƙyalli kuma suna rikita wa masu tonon tarihi aiki. Ƙarshenta dai ma'aikata da 'yan sa-kai ne ke bi da buhu suna kwashewa, abin da aka kawo da sunan girmamawa ya ƙare a kwandon shara. Kuma a ƙarƙashin dokar 1979 lalata irin wurin nan laifi ne da ake kai mutum kotu a kai.

Maganar imani kuwa, tunda har abin ya tsaya miki a rai ai kin riga kin ba kanki amsa. Kallon tarihi daban, miƙa wa dutse kyauta daban, ki ce wa ƙawarki kallo kika zo yi, ba wanda zai tsare ki.

Hukumar English Heritage mai kula da Stonehenge na buɗe wurin kyauta da safiyar ranar na 'yan awoyi, ki shiga har cikin da'irar, abin da a yawancin ranaku ba a bari sai daga bayan igiya, kuɗin fakin ne dai za ku biya. Ki duba shafinsu don ranar kan canza. Ba a hawa duwatsu, ba giya ba wuta. Ki sa takalmin da ba ya jin taɓo da rigar sanyi mai kauri sosai, fili ne fetal iska na kaɗawa, kuma kar ki sa rai da yawa, sau tari gajimare ke rufe ranar gaba ɗaya.

Tambaya: Anti, gaskiya ne akwai wani kabari a Ayalan da rana ke shiga cikinsa sau ɗaya a shekara?

Amsa: Gaskiya ne ɗan uwa, sai dai ba rana ɗaya tak ba, 'yan kwanaki ne a jere. Newgrange sunansa, an gina shi wajen 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, ya girmi dalar Giza ta Masar. Hasken safiya na bi ta wata 'yar taga a saman ƙofa ya ratsa lungu mai tsawon mita 19 ya haska ɗakin ciki na kusan minti 17. Ɗakin ƙarami ne, don haka ƙuri'a ake yi duk shekara, dubbai ke nema 'yan kaɗan ke samu, sauran a waje suke tsayawa.