Amsa ga mai tambaya kan tsaron baƙo a ƙasar waje

Ɗan'uwa da ka tambaya ko da gaske ne baƙi aka fi yi wa fashi a waje, tunda ka ce tafiyarka ta matso bari in ba ka nawa. Shekarata 9 a waje, wallahi ba a taɓa nuna min ko wuƙa ba balle bindiga. Ni yankan aljihu aka yi min, a tashar jirgin ƙasa lokacin cunkoso, wata yarinya ta miƙo min takarda wai in sa hannu a taimaki kurame, ina ta faman karantawa ashe ƙawarta na cikin jakata. Sai da na zauna na laluba na ji wayam, ba waya ba fasfo.

To a nan gizo ke saƙar. Ɓarawo ya san baƙo na tsoron ɗan sanda, ko takardunsa cikakku ne gabansa faɗuwa yake, shi ya sa yake zaɓenmu. Ni ma kwana 2 na yi ina jan ƙafa, da na je ofishin jakadanci abin da suka fara tambaya rahoton 'yan sandan ne, dole na koma. Minti kaɗan aka rubuta min, ba wanda ya harare ni.

Da wannan tsoron masu damfara ke cin abinci. Za a kira ka wai daga hukumar shige da fice ne, bizarka ta samu matsala, ka turo tara yau ko a tasa ƙeyarka gida. Kashe wayar kawai, ka je ofishin da ƙafarka.

Haddace lambar gaggawa, 112 a duk ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Ingila, 911 a Amurka da Kanada. In kuma an kama ka, yarjejeniyar Vienna ta 1963 ta ba ka damar cewa a sanar da ofishin jakadancin ƙasarku, ka faɗa da bakinka.

Wanda ya fi ba ni tsoro dai shi ne na gida, mai yarenka, da zai tare ka a filin jirgi da "don Allah riƙe min wannan saƙon". Singafo da Saudiyya da Indonesiya hukuncin kisa suke yankewa kan safarar ƙwaya, kuma sunanka ne a jikin jakar. Ni ko ambulan ne sai an buɗe a gabana, wanda zai yi fushi ya yi.