Amsa: Na sauya unguwa, ina zan zaɓi kansila?

Malam, ka ce ka tashi daga Fagge ka koma Gwale, kana son zaɓen kansilan sabuwar mazaɓarka. Da katin zaɓen da ke hannunka yanzu ba zai yiwu ba. Sunanka na nan a rumfar da aka rubuta a jikinsa, can kaɗai za a ba ka ƙuri'a.

Inda mutane ke rikicewa: KANSIEC, hukumar zaɓe ta jihar Kano, ita ce ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomin Kano 44 da mazaɓu 484, amma rajistar da take aiki da ita ta INEC ce, wato hukumar zaɓe ta ƙasa. Don haka ofishin INEC na Gwale za ka je da katinka lokacin da aka buɗe rajista, ka nemi a sauya maka rumfa. Kada ka bari sai zaɓe ya ƙarato, ana rufewa tun da wuri. In an liƙa sunaye, je ka duba naka.